Yadda Muka Mayar da Kawu Ɗakinsa

Kawu ya faɗi ne a banɗaki wajen alwalar asuba, cikin watan Oktoban 2024. Ya ɗaga ƙafar dama zai sa a kwamin wanke hannu kamar yadda ya saba shekara da shekaru, sai ta hagun ta zame a kan tayil. Wayarsa tana can gefen gado. A nan ya kwanta har gari ya waye, har hantsi ya dubi ludayi. Sai da na kira sau uku ba a ɗauka ba, wajen ƙarfe goma, na baro wurin aiki da makullin gidan da ke jakata. Na same shi jikinsa ya yi sanyi ƙalau, famfo yana ta zuba. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Uwata, miƙo mini tawul in rufe jikina." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba tun ina goye.

Ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa 79 a lokacin. Ya baro Zariya a 1974 ya zo Ingila karatun injiniya, karatu ya ƙare, aiki ya samu, iyali suka taru, komawa gida ta zama "baɗi in Allah ya kai mu" har gashi ya yi fari. 'Ya'yansa biyu, ɗaya a Kanada, ɗaya a Abuja. Hajiya, matarsa, ta rasu a 2019. Tun daga nan shi kaɗai yake zaune a wani ɗan gida mai bene a wani gari na arewacin Ingila, ni ce kuma jininsa mafi kusa, tafiyar minti ashirin a mota.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Washegari aka yi masa aiki, aikin ya yi kyau. Amma ni tun a daren farko ba aikin ne ya hana ni barci ba. Abin da na tuna shi ne jinyar Hajiya. A wancan karon sai da na ba da labarin ciwonta sau bakwai ga ofisoshi bakwai, kowa da fom ɗinsa, kowa da lambar wayarsa, kowa yana cewa wannan ba ɓangarenmu ba ne, kira wancan. Kujerar wankan da muka nema mata ta iso bayan sadakar uku. Ni na karɓe ta a bakin ƙofa, ni na sa hannu aka mayar.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai yi mamaki, domin ana jin cewa asibiti kyauta ne a Birtaniya. Gaskiya ne, kyauta ne tun 1948 da aka kafa hukumar lafiya ta NHS. Sai dai a shekarar ce kuma wata dokar ta daban ta ɗora kula da tsofaffi da masu rauni a kan ƙananan hukumomi, ta ba su damar karɓar kuɗi gwargwadon abin hannun mutum. To daga nan hanya ta rabu biyu. Idan nas ta zo wanke maka ciwo, aljihun asibiti ne, ba ka biyan ko kwabo. Idan wani ya zo taimaka maka ka yi wanka ko ka sa riga, aljihun ƙaramar hukuma ne, sai an duba dukiyarka. Kuɗin fansho da tallafi suna hannun wata ma'aikata ta uku, gyaran gida yana wani sashen. Tsoho guda ɗaya, jiki ɗaya, amma an kasa shi kashi huɗu ko biyar. Shekara da shekaru gwamnatoci suna ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka, ɗaya daga ciki shi ne dokar 2022 da ta raba Ingila yankuna 42, ta ce a kowane yanki asibitoci da ƙananan hukumomi su zauna teburi ɗaya su tsara aiki tare.

Ban san duk wannan ba sai daga baya. Abin da na sani shi ne, a rana ta huɗu bayan aikin wata mata ta zo gefen gadon Kawu ta ja kujera ta zauna. Ta ce ita jami'ar walwala ce daga ƙaramar hukuma, amma ofishinta a nan cikin asibitin yake, ɗaki ɗaya da nas, da mai gasa ƙashi, da ma'aikaciyar da ke duba yadda mutum zai iya harkokinsa a gida, da wakilin wata ƙungiyar agaji. Ta ce sau ɗaya za mu yi bayani, su za su raba a tsakaninsu, in Kawu ya yarda. Ta rubuta lambar waya ɗaya a bayan katinta ta miƙo mini.

Kawu bai yarda nan take ba. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Wato duk garin nan za su san ba na iya zuwa bayan gida da kaina?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ko dai su sani a takarda ɗaya, ko kuma ku faɗa da bakinku sau bakwai kamar lokacin Hajiya." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya karɓi biro. Har yau ina ganin wannan sa hannun a matsayin kuɗi na farko da ya biya. Mutumin da ko 'ya'yansa ba su san nawa ne fanshonsa ba, ya buɗe asirinsa ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Sai aka zo tambayoyi, a nan ne kuma muka kusa yin asarar komai. Ta ce, kafin faɗuwar nan, yaya kake fama da hawa bene? Ya ce lafiya lau. Wanka fa? Alhamdulillahi. Girki? Ba matsala. Ina zaune ina kallo tana rubutawa. Na san wata takwas ke nan rabon da ya shiga bahon wanka, a tsaye yake goge jiki da tsumma saboda ba ya iya ɗaga ƙafa ya tsallaka. Na san da zama yake saukowa daga bene, mataki-mataki, in gwiwa ta motsa. Na san tukwane biyu ya ƙona a bazarar da ta wuce. Amma Bahaushe ko yana gargara aka ce ya jiki, "da sauƙi" zai ce, kuma ba ƙarya yake nufi ba, godiya ce ga Allah da kiyaye mutunci. Ita kuwa takardar Bature abin da ka faɗa shi take ɗauka.

Ban iya ƙaryata shi a gabanta ba, ba tarbiyyar da aka yi mini ba ke nan. Na bi ta har bakin lif na ce ina da magana. Ta ce ta lura, ta saba ganin haka wurin dattawa, farare da baƙaƙe. Washegari ta dawo ta sauya salon tambayar. Ta ce, ba ni labarin ranar da ta fi kowace wuya a watan jiya, daga tashi har kwanciya. Kawu ya fara da alwala. Bai tsaya ba sai da ya yi kusan minti arba'in yana magana, ni kaina na ji abubuwan da ban sani ba. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in an san yadda za a tambaye shi.

A rana ta goma likita ya ce babu sauran abin da asibiti zai yi masa, zai iya tafiya gida. Bai tafi ba sai rana ta goma sha bakwai. Kawu ya ce mace ba za ta yi masa wanka ba, ni ma na goya masa baya, su ma ba su musa ba. Amma maza a wannan aiki ba su wuce ɗaya cikin biyar ba, sai aka jira a samu namijin da ke da sarari da safe. Mako guda cur yana kwance a gadon da wani mara lafiya ke jira a ƙasa, ƙafafunsa suna ƙara laushi. Ba shi kaɗai ba ne: a kowace rana a Ingila sama da mutum dubu goma ne ke kwance a asibiti alhali an gama yi musu magani, jiran abin da zai tarbe su a gida kawai suke yi. Zaman ofis ɗaya ya sa kowa ya san matsalar a rana ɗaya, amma bai ƙirƙiro ma'aikacin da babu shi ba.

Kafin ya dawo, an riga an shirya gidan. Ma'aikaciyar nan mai duba yadda mutum zai iya harkokinsa a gida ta zo da abin awo, muka zagaya tare. Aka sauko da gado falo. Aka ɗora wa masai abin ƙara tsawo, aka kafa ƙarafan riƙewa a banɗaki da bakin ƙofa, aka kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, aka maƙala ɗan akwatin makulli mai lambobi a jikin bango daga waje. Ta naɗe dardumar tsakar falo ta ce wannan sai ta tafi. Da ta kai hannu kan abin sallarsa na ce wannan kam a'a, sai ta tambaye ni yadda ake sallar, na nuna mata, ta ce to a samo kujera mai hannu mai nauyi a ajiye ta fuskar da yake kallo. Ba mu biya ko fam ɗaya ba. Doka ce: kayan taimako da ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba, kyauta ake yin su ga wanda aka tabbatar yana buƙata. Haka kuma taimakon farfaɗowa bayan asibiti kyauta ne har zuwa mako shida.

Waɗannan makonni shida su ne zuciyar al'amarin. Sau uku a rana ake zuwa da farko. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, raina ya ɓaci ƙwarai. Kawu yana zaune a bakin gado yana fama da safa da wani ɗan ƙarfe mai ƙugiya da suka ba shi, gumi yana keto masa, saurayi majiyi ƙarfi yana tsaye a gabansa ya goya hannu a baya yana cewa a hankali, sake gwadawa. A gidanmu wannan rashin kunya ce. Na matsa zan durƙusa in sa masa, saurayin ya roƙe ni da in bari. A waje ya yi mini bayani: in suka yi masa yau, gobe ma sai an yi masa, har ƙarshen rayuwarsa. Aikinsu shi ne su mayar masa da hannunsa. Na koma mota na yi kuka, don na san gaskiya ya faɗa, kuma na san ni da ƙaunar da nake yi wa Kawu da na kwantar da shi.

A mako na uku ya haɗa shayinsa da kansa. A na huɗu ya taka har bakin titi ya dawo. Ziyara ta ragu daga uku zuwa biyu.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Takardar magungunan da aka sallamo shi da ita ta nuna an rage masa maganin hawan jini, don ana zargin yana sa shi jiri in ya miƙe. Amma kantin maganin unguwa ya kawo faranti na mako-mako da aka saba, da tsohon adadin a ciki. Kwana uku yana shan wanda aka hana. Ni na gano, da daddare, ina gwada takarda da ƙwayoyi a kan teburin kicin. Da safe na kira lambar nan ɗaya, kafin azahar an gyara, nas ta zo ta auna shi, aka ba mu haƙuri. A lokacin Hajiya da sai na yi kwana biyu ina neman wanda zai ɗauki laifin. Amma abin ya nuna mini cewa mutanen sun haɗu, kwamfutocinsu ba su gama haɗuwa ba. Daga ranar na sayi littafi mai bango ja, duk wanda ya shigo gidan sai na rubuta sunansa da abin da ya ce. A mako shida na ƙirga fuska goma sha tara.

Yawancin fuskokin nan daga takarda ɗaya suka fito. A mako na biyu wata mata daga asibitin unguwa, wadda aikinta shi ne haɗa mutane da abubuwan taimako da ke kusa da su, ta zo da shafi guda mai gajerun tambayoyi, amsarsu i ko a'a. Akwai na'urar gano hayaƙi mai aiki? Gidan yana ɗumi? Yaushe rabonka da gwajin ido? Kana ganin mutane a mako? An taɓa duba ko kana karɓar duk haƙƙinka na kuɗi? Minti goma sha biyar ta gama, ta ce sauran nata ne. Cikin kwana goma 'yan kwana-kwana suka zo da jar motarsu, yaran layin suka fito kallo, suka kafa na'urar hayaƙi biyu kyauta, suka ce a raba waccan tsohuwar hita da labule. Mai gwajin ido ya zo har falo, ya gano yanar ido a hagu. Aka sa sunan Kawu a rajistar kamfanin wuta ta waɗanda ake fara dubawa in lantarki ya ɗauke. Aka rataya masa ɗan maɓalli a wuya, wanda da yana da shi a watan Oktoba da bai yi awa biyar a kan tayil ba.

Daga baya na karanta cewa wannan dabara ta shafi ɗaya ba sabuwa ba ce. Tsakanin 2006 da 2008 ma'aikatar fansho ta gwada wani shiri mai suna LinkAge Plus a yankuna takwas na Ingila, kuma a yankin Notingham ne aka yi suna da irin wannan takarda: duk ma'aikacin da ya fara shiga gidan tsoho, ɗan kwana-kwana ne ko nas ko ɗan agaji, ya cike ta a madadin sauran. Abin da ya fi taimakon Kawu kusan shekara ashirin ke nan da saninsa, amma a 2019 babu wanda ya kawo shi gidan nan.

Tambayar kuɗi ce ta tayar da ƙura. Matar nan mai shafi guda ta ce Kawu ya cancanci wani tallafi da ake kira Attendance Allowance, na tsofaffin da ke buƙatar taimako wajen kula da jikinsu, kuma ba a duba dukiyar mutum kafin a ba shi. Kawu ya murtuke. Bayan ta fita ya ce, "Uwata, ni ba almajiri ba ne. Shekara arba'in ina aiki a ƙasar nan ban taɓa miƙa hannu ba." Na rasa ta cewa. Maigidana ne ya zo da daddare ya zauna a ƙasa kusa da kujerarsa ya ce, "Baba, shekara arba'in ɗin nan ba a cire muku haraji duk wata?" Ya ce ana cirewa. Ya ce, "To ai adashi ne. Kun yi ta zubi wasu suna kwasa, yau kwasarku ce ta zo." Kawu ya yi murmushi, karo na farko tun faɗuwar, ya ce a kawo takardar.

Fom ɗin ya kai shafi talatin. Wani ɗan sa-kai daga ƙungiyar agajin ya zauna da mu awa biyu muka cike, yana ta tuna wa Kawu cewa ranar wuya ake rubutawa. Bayan 'yan makonni amsa ta zo: fam 72.65 a mako, ƙaramin mataki a ƙa'idar shekarar, babban kuwa fam 108.55 ne ga mai buƙatar taimako dare da rana. Abin da ban sani ba shi ne wannan kuɗin makulli ne. Fanshon Kawu ya ɗan haura fam 218.15 a mako, iyakar da ake cike wa tsoho mara aure a shekarar a tsarin tallafin ƙarin fansho na Pension Credit, don haka a da bai cancanta ba. Amma mai karɓar tallafin farko, in shi kaɗai yake zaune, a shekarar ana ɗaga masa iyakar da fam 81.50. Sai ga shi ya shiga. Shigarsa ta sa aka yafe masa kuɗin lasisin talabijin tunda ya haura 75, aka rage masa harajin gida, kuma ta share hanyar wani babban abu da zan zo kansa. Ƙofa ɗaya ta buɗe ta biyu, ta biyu ta buɗe ta uku. Ni kaɗai da ko shekara zan yi ban gano wannan sarƙa ba.

A mako na biyar aka aiko da wasiƙar binciken dukiya, a nan kuma na ga inda ɗinkin ya tsaya. Tawagar farfaɗowa ta ce Kawu ya yi ƙoƙari, amma zai ci gaba da buƙatar mutum kowace safiya don wanka da shiri. Daga ranar da mako shida ya cika, wannan ya tashi daga kyauta. Ƙa'idar ita ce: wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya duka. Wanda tasa ba ta kai 14,250 ba, ba a taɓa ajiyar, abin da ke shigo masa kawai ake dubawa. Na tsakiya kuwa, kowane fam 250 ana lissafa shi kamar fam ɗaya ne ke shigo masa a mako. Waɗannan lambobi tun 2010 ba su motsa ba, alhali kuɗin komai ya hau. Gidan da mutum ke ciki ba a sa shi a lissafi muddin a gida ake kula da shi.

Akwai layin da ya tambayi kadara a nan ko a ƙasar waje. Kawu yana da kaso a gidan gado a Zariya, wanda ba a raba ba tun rasuwar kakanmu, mutum tara ne a kai. Wani ɗan'uwa ya ce kada a rubuta, wa zai sani? Kawu ya ce shi zai sani. Muka rubuta, aka nemi bayani, aka aiko da takarda daga gida. Da aka juya kasonsa zuwa fam, a lokacin fam ɗaya ta haura naira dubu biyu, bai taka kara ya karya ba. Duka-duka ajiyarsa ta tsaya wajen fam 18,000, kuɗin da ya ce na jana'izarsa ne da na tikitin 'ya'yansa su zo. Aka lissafa masa fam 15 a mako a kan wannan. Sannan aka sa sabon tallafin da ya samu cikin abin da ke shigo masa. Da lissafi ya fito, mafi yawan abin da hannun dama ya ba shi, hannun hagu ya karɓe. Na yi fushi da farko. Daga baya na ga cewa da babu tallafin, daga fanshonsa da kuɗin likkafaninsa za a cira.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne sauyin mutane. Tawagar da ta san shi, ta san kujerar sallarsa, ta san ba a shigo masa da takalmi sai an sa leda a kai, ta yi sallama a ƙarshen Disamba. Aiki ya koma hannun wani kamfani mai zaman kansa da ƙaramar hukuma ke saya wa awoyi. Minti talatin kowace safiya. Makon farko mutum huɗu daban-daban suka zo, na koma ba da labari daga farko, da jan littafina a hannu. Sai Allah ya kawo mana wani yaro ɗan Ghana, tashin zangon Kumasi. Ya shigo ya ga carbi a hannun kujera, ya ce, "Baba, sannu da hutawa." Kawu ya ɗago kai kamar an kira shi daga nesa. Tun ranar na roƙi kamfanin su bar mana shi, suka yi ƙoƙari, kwana biyar a mako shi ke zuwa.

Ta bakinsa na san wani ɓangaren kuɗin da ba ya fitowa a wasiƙa. Albashinsa bai fi mafi ƙarancin da doka ta yanke ba da wani abin kirki, wanda a lokacin fam 11.44 ne a awa. Gida goma ko fiye yake zagawa a rana, a motar haya, cikin sanyin Janairu. Minti talatin ba ya isar dattijo mai sabon ƙugu ya yi wanka a natse, don haka yakan ƙara goma daga nasa lokacin, ya fita da gudu. Matarsa da 'yarsa suna Kumasi. Duk tsarin nan da ake yabo, a kan kafaɗar irinsa yake tsaye.

Dare da yawa na zauna ina tambayar kaina ko wannan haɗin gwiwa riba ce ga gwamnati kamar yadda ake faɗa. Na nemi abin da aka rubuta. An yi wani babban gwaji na haɗin gwiwar kula da tsofaffi daga 2006 zuwa 2009 a ƙananan hukumomi 29 da fam miliyan 60, masu bincike suka ce duk fam ɗaya da aka kashe ta rage fam 1.20 na kwanciyar gaggawa a asibiti. Amma a 2011 cibiyar binciken harkar lafiya ta Nuffield Trust ta ɗauki takwas daga cikin ayyukan, ta gwada waɗanda suka amfana da wasu tsofaffi masu irin halinsu da ba su shiga ba, ba ta ga an rage kwanciya asibiti ba, a wasu wuraren ma ƙaruwa ta yi. A 2017 kuma ofishin binciken kuɗin gwamnati ya duba asusun haɗin gwiwa na fam biliyan 5.3 da aka fara a 2015, ya ce an yi niyyar rage kwanciyar gaggawa da 106,000 a shekarar farko, sai ta ƙaru da 87,000.

Ban yi mamaki ba, don a falon Kawu na ga dalilin. Kafin ya faɗi, ban da fansho da magani babu abin da hukuma ke kashewa a kansa, saboda babu wanda ya san halin da yake ciki. Da aka shigo aka tambaya, sai aka tarar da yanar ido da za a yi wa aiki, da haƙƙin kuɗi da bai karɓa ba, da banɗakin da bai dace da shi ba. Duk wanda ya leƙa gidan tsoho da gaske, buƙata zai tarar, buƙata kuma kuɗi ce. Ni a ganina kuskure ne a riƙa tallar wannan aiki da sunan tsimi, domin ranar da lissafi bai nuna tsimin ba sai a yanke shi. Abin da aka saya da kuɗin a gidanmu shi ne Kawu yana kwana a ɗakinsa, yana sa safarsa, yana haɗa shayinsa. Gidan kula da tsofaffi, wanda shi ne ɗaya hanyar, ya fi haka tsada nesa ba kusa ba, kuma da ya shiga da sai an sa gidansa a lissafi.

Nawa kason ma ban ɓoye shi ba. Na rage kwana ɗaya a mako a wurin aiki, albashi ya ragu. Akwai tallafin masu jinya, fam 81.90 a mako a shekarar, amma sai mai yin awa 35 a mako wanda abin da yake samu a mako bai wuce fam 151 ba a lokacin, ni na wuce. Ko da na cancanta ma, karɓata za ta sa a cire wa Kawu ƙarin nan na fam 81.50. Dokar kula ta 2014 ta ba mai jinya haƙƙin a zauna da shi a duba nasa halin, aka kuwa zauna da ni. Matar ta ce, ke fa, yaya barcinki? Wata uku ke nan ana tambayata ya mai jiki, babu wanda ya tambaye ni wannan. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba.

'Yan'uwa a gida sun yi ta waya suna cewa a dawo da shi, ga jikoki, ga masu hidima, me zai zauna yi cikin sanyi a hannun bare? Na fahimce su, kuma na san a gidanmu na Zariya ba zai yi awa biyar a ƙasa ba a ji shi ba. Na san kuma wace ce za ta ajiye sana'arta ta zauna da shi, domin a can ma hidimar ba daga sama take saukowa ba, wata mace ce ke ɗauka ba tare da an rubuta ba. Na kai masa maganar. Ya ce, "Hajiya tana nan maƙabartar bayan gari. Wa zan bar wa ita?" Ban sake tayar da zancen ba.

An daɗe ana alkawarin sa iyaka ga abin da mutum zai kashe a kan kula da shi a tsawon rayuwarsa, har an yanke fam 86,000, aka ɗaga, sannan aka soke a watan Yulin 2024, wata uku kafin Kawu ya faɗi. An kafa sabon kwamiti da zai kawo rahotonsa na ƙarshe a 2028. Kawu zai cika 83 a shekarar, in da rai.

Saura babban abin da na ce zan zo kansa. Tun a makon farko ma'aikaciyar nan mai abin awo ta rubuta cewa a cire bahon wanka a yi wurin wanka na ƙasa ɗaya, wanda ba sai an tsallaka komai ba. Akwai tallafin gyaran gida ga masu rauni da ke kaiwa har fam 30,000 a Ingila, ana duba dukiya kafin a bayar, amma mai karɓar irin Pension Credit ɗin Kawu ba a neman ko kwabo daga gare shi. An amince. Sai jira: jiran mai zane, jiran 'yan kwangila su kawo farashi, jiran layi. Azumi ya zo ya wuce, likita ya hana shi yi saboda ciwon suga, ya aika da fidiya Zariya. Duk tsawon lokacin nan ba ya iya kai hannu ƙafarsa, yaron Kumasi ke wanke masa ita da safe, shi kuma ya sa safa da ƙugiyarsa, sauran yini ya yi ta shafa a kan safar wajen alwala.

A watan Agustan 2025, wata tara bayan dawowarsa, ma'aikata suka zo suka yi kwana shida. Na roƙi mai aikin famfo ya sauko da kan famfo ɗaya ƙasa, daidai gwiwa, a gaban kujerar da ke maƙale a bango. Ya tambayi dalili, na gaya masa, ya ce ya taɓa yin irinsa a wani masallaci.

Washegari da asuba wayata ta yi ƙara, gabana ya faɗi da na ga sunansa. Na ɗauka da sauri na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Uwata. Na wanke ƙafata da kaina. Koma ki kwanta."